Haɗakar Taurarin Katun: Abin da Ake Ƙullawa Kafin Zomo Ya Taka Gidan Ɓera

Da safiyar Asabar, 21 ga Afrilun 1990, duk yaron da ya kunna talabijin a Amurka bai sami zaɓi ba. Ya murɗa ABC, ya koma NBC, ya leƙa CBS, ya gwada Fox, abu ɗaya ne a kan allo. Shirin katun ne na kimanin rabin awa mai suna Cartoon All-Stars to the Rescue, kuma kafin a fara sai da Shugaba George H. W. Bush da uwargidansa Barbara suka fito suna yi wa yara nasiha kan shaye-shaye. Daga nan sai ga Bugs Bunny, ga Garfield, ga Smurfs, ga Winnie the Pooh, ga ɗaya daga cikin kunkurun nan huɗu 'yan ninja, duk a labari guda. Taurarin da iyayen gidansu ba sa ga maciji da juna a kasuwa.

Yaro zai ɗauka abokai ne suka kawo wa juna ziyara. Babba kuwa ya kamata ya tambaya, wa ya ba da izini? Tauraron katun ba mutum ba ne da zai saɓi takalminsa ya tafi gidan maƙwabci don raɗin kansa. Dukiya ce mai rajista, tana da mai ita, mai itan kuma yana da lauya. Shi ya sa a irin waɗannan shirye-shirye na haɗaka, labarin da ake gani a allo shi ne ƙarami. Babban labarin yana cikin jerin waɗanda aka gayyata, musamman ma waɗanda aka nema aka rasa.

Inda abin ya fi sauƙi shi ne gidan Hanna-Barbera. William Hanna da Joseph Barbera su ne suka ƙirƙiro Tom and Jerry a kamfanin MGM a 1940. Da MGM ta rufe sashen katun a 1957, sai suka koma talabijin, inda kuɗin da ake biya bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na silima. Dole ta sa suka fito da dabarar tsimin zane. Maimakon a zana jikin tauraro gaba ɗaya a kowane motsi, sai a zana gangar jikin sau ɗaya a kan leda mai garai-garai, a ɗora kai a wata ledar, baki a wata, a riƙa canza wanda ke motsi kawai. Wannan ne dalilin da ya sa Yogi Bear yake yawo da kwala da naktaye alhali ko riga babu a jikinsa, Fred Flintstone yana da nasa naktayen, matarsa Wilma tana da sarƙa. Abin wuyan nan shi ke ɓoye gaɓar da kai ya haɗu da jiki.

Da wannan tsari suka riƙa ƙyanƙyashe taurari kamar ba gobe, har suka tara da yawa waɗanda tauraruwarsu ta disashe. To me za a yi da tsohon tauraro da aka riga aka biya kuɗin zana shi? A tara su a shiri ɗaya. A 1972 tashar ABC ta nuna Yogi's Ark Lark, inda aka loda Yogi da Huckleberry Hound da Quick Draw McGraw da Top Cat da sauran dangi a jirgin ruwa mai tashi sama, suna neman wurin da babu ƙazanta a duniya. Gwaji ne, kuma ya karɓu, domin shi ya haifi shirin Yogi's Gang a shekarar da ta biyo. Tuwona maina kenan: taurarin nasu, masu zanen nasu, kuma mutum biyu, Daws Butler da Don Messick, su ke ɗora muryar kaso mai tsoka na taron.

Amma ko a cikin gida ɗaya akwai ɗakin da mabuɗinsa ke hannun wani. A 1977 kamfanin ya shirya Laff-A-Lympics, gasar wasanni ta barkwanci tsakanin rukuni uku: na Scooby-Doo, na Yogi, da na mugaye. Duk wanda ya san katun ɗin gidan ya san babu wanda ya dace da jagorancin mugaye sai Dick Dastardly da karensa Muttley mai dariyar nan ta ƙeta. Sai aka binciko takardu aka ga shirin Wacky Races na 1968, inda suka fara fitowa, haɗin gwiwa ne da kamfanin Heatter-Quigley, masu shirya wasannin kacici-kacici a talabijin, don haka suna da hannu a mallakar mutumin da karen nasa. Me aka yi? Aka zana wani mugun mai kama da Dastardly kamar an tsaga kara, aka raɗa masa Dread Baron. Aka ɗauko wani kare mai suna Mumbly, wanda a shekarar da ta gabata ɗan sandan ciki ne mai farautar ɓarayi a nasa shirin, aka mayar da shi ɗan daba da rana tsaka. Dariyar ma ba ta canza ba, tunda Don Messick ne ke yi wa karnukan biyu. Haka aka ajiye 'yan matan Josie and the Pussycats saboda na kamfanin Archie ne, aka ajiye aljanar nan Jeannie saboda haƙƙinta na Columbia ne, amma aka bar yaronta Babu ya shiga gasar, don shi Hanna-Barbera ce ta ƙirƙiro shi. Uwar ɗaki a waje, bara a ciki.

Shirin da mutane suka fi tunawa daga wannan gida shi ne The Jetsons Meet the Flintstones na 1987. Haɗin yana da daɗin ji: iyalin zamanin dutse da iyalin zamanin motoci masu tashi. Elroy, ɗan autan Jetson, ya ƙera injin tafiya cikin zamani, aka nufi gaba sai injin ya yi baya. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. The Jetsons na asali kashi 24 kawai aka yi a 1962 zuwa 1963, aka yi ta maimaita su shekara da shekaru. A 1985 aka ƙara sababbi 41. Me ya sa 41? Don jimillar ta cika 65. A lokacin, duk mai son sayar da shiri kai tsaye ga ƙananan tashoshin garuruwa sai ya kawo kashi 65, wato kwana biyar a mako har mako 13 ba tare da maimai ba. Da Jetsons ya dawo kasuwa, sai aka jingina shi da babban yayansa, Flintstones, mai kashi 166 da suna a duniya. Fim ɗin ɗaya ne daga cikin finafinan talabijin goma da kamfanin ya fitar tsakanin 1987 da 1988.

Abin da ya fi taɓa zuciya a wannan aiki yana ɗakin ɗaukar murya. Alan Reed, mai muryar Fred ta asali, ya rasu tun 1977, Henry Corden ne ya gaje shi, wanda da ma shi ke yi wa Fred waƙa a wasu lokuta. Bea Benaderet, muryar farko ta Betty maƙwabciyar su Fred, ta rasu tun 1968. A ɓangaren Jetsons kuwa tsofaffin hannun na nan, amma tsufa ya kama su. George O'Hanlon, muryar George Jetson, ya yi fama da shanyewar jiki, idonsa ya tafi, riƙe magana ma ya yi masa wuya. Yadda ake yi shi ne darakta ya karanta masa layi ɗaya, shi kuma ya maimaita da muryar George, a ɗauka, a wuce na gaba. Haka aka bi da shi layi-layi. Mai kallo ba zai taɓa ganewa ba.

Sannan ga wani abin da haɗaka ke tonawa. Mel Blanc shi ne Barney Rubble, shi ne kuma Mista Spacely, masifaffen maigidan George. Jean Vander Pyl ita ce Wilma, ita ce kuma Rosie, baiwar ƙarfen gidan Jetson. Muddin shirye-shiryen biyu suna rabe, babu mai lura. Ranar da aka haɗa su, sai ga mutum ɗaya yana riƙe da gefe biyu na zance. Haka ta faru da Casey Kasem tun 1972, lokacin da Scooby-Doo ya haɗu da Batman: shi ne Shaggy matsoraci, shi ne kuma Robin jarumi. Fim ɗin na 1987 ya zamo kusan taron bankwana ba tare da an shirya hakan ba. Butler ya rasu a 1988, O'Hanlon a Fabrairun 1989 yana tsakiyar aikin fim ɗin Jetsons na silima, Blanc kuma a Yulin wannan shekarar.

Murya ba ta tsaya ga maƙogwaron mai ita kaɗai ba, akwai sirrin sana'a a bayanta, kuma sirrin ba ya bin tauraro idan aka ba da aronsa. Warner Bros. ta rufe sashen katun ɗinta a 1969. A 1972 sai ta ba kamfanin Filmation aron taurarinta aka yi Daffy Duck and Porky Pig Meet the Groovie Goolies. Mel Blanc ɗin dai aka kira, wanda da ma shi ke yi musu murya. Amma a gidan Warner, akan ɗauki muryarsa ne sannan a ƙara wa faifan gudu daidai wani ma'auni, shi ya sa Daffy da Tweety suke da siririyar murya. Asali ma muryar Daffy kusan ta Sylvester ce da aka ƙara wa sauri. Ma'aikatan Filmation suka kuskure ma'aunin, Daffy ya fito yana tsiwa da wata murya da ba tasa ba. Ga zanen tsimi da ya daskarar da taurarin da aka sani da rawar jiki. Bugs Bunny bai shiga wannan shiri ba, kuma ko da gangan ne ko dace, ya tsira da mutuncinsa.

Duk wannan aro ne ko taron dangi. Haɗa kishiyoyi na gaske sai a 1988, kuma a silima aka fara, da Who Framed Roger Rabbit. Disney ce ta ɗauki nauyi tare da kamfanin Steven Spielberg, kuma Spielberg ne ya bi gida-gida yana roƙon aron taurari. Warner ta yarda, bisa sharaɗi: manyan taurarinta ba za su zama 'yan rakiya ba, lokacin da za a ba Mickey Mouse a allo shi za a ba Bugs Bunny, abin da aka ba Donald Duck shi za a ba Daffy. Rabon kwana sak, irin na gidan mai mata biyu, inda minti ɗaya ke iya tayar da ƙura. Masu fim ɗin suka ga hanya mafi sauƙi ita ce kada a raba su ko kaɗan. Shi ya sa Mickey da Bugs suka faɗo daga sama tare, suka yi wa jami'in binciken da ke faɗowa tsiya tare, Bugs ya miƙa masa tayar mota a maimakon laimar sauka. Shi ya sa agwagin biyu suka zauna a dandali ɗaya suna gasar kaɗa piyano har abin ya koma faɗa. Ko rufe fim ɗin sai da aka raba: Porky Pig ya yi sallamar gidan Warner, Tinker Bell ta kaɗa sandarta ta gidan Disney. Wanda bai san da sharaɗin ba zai ce basira ce kawai, kuma basirar ce, amma lauya ne ya tilasta ta. Popeye da Tom and Jerry kuwa an nema ba a samu ba.

Yanzu sai a fahimci girman abin da ya faru a Afrilun 1990. A nan ba gida biyu ba ne, gidaje ne barkatai, kuma kowa ya ba da tauraronsa ko sisin kwabo bai karɓa ba. Gidauniyar cibiyar nan mai ba da kyautar Emmy ce ta shirya, McDonald's da gidauniyarta ta yara suka zuba kuɗi, Roy E. Disney ya zama uban tafiya, Buzz Potamkin ya riƙe aikin yau da gobe. Waƙar da taurarin suka rera tare, mai koya wa yara hanyoyin cewa a'a, Howard Ashman da Alan Menken ne suka rubuta, waɗanda suka ɗauki kyautar Oscar da The Little Mermaid makonni kaɗan kafin a nuna shirin. George C. Scott, dattijon da ya fito a Janar Patton, shi ya yi muryar Hayaƙi, shaiɗanin da ke zuga yaron.

Labarin kansa ba shi da tsawo. Wani matashi, Michael, ya saci asusun ƙanwarsa Corey don ya sayi wiwi. Abin lura shi ne yadda marubutan suka shigo da baƙin. Ba su wahalar da kansu da wani injin zamani ko ƙofar sihiri ba. Kayan ɗakin yarinyar ne suka farka. Papa Smurf ya fito daga littafin barkwanci. Garfield fitilar gefen gado ne. ALF ya sauko daga hoton da ke cikin firam. Alvin da 'yan uwansa suka fito daga kwalin faifan garmaho. Kermit agogon ƙararrawa ne, Pooh kuma 'yar tsana. Wato ba tare da sun nufa ba, sun faɗi gaskiyar lamarin: waɗannan taurari kaya ne na sayarwa, kuma ɗakin kwanan yaron Amurka shi ne kantin da suka saba haɗuwa.

Duba jerin sunayen kuma za ka ga jadawalin safiyar Asabar ne aka kwafe. Smurfs da ALF da Alvin na NBC. Garfield da Muppet Babies na CBS. Bugs da Slimer da Pooh na ABC. Kowace cikin tashoshin uku ta ga nata a ciki, babu wadda za ta ce ta ba da rabin awarta don tallar kishiya. Disney ta turo Pooh da Tigger da 'ya'yan agwagin nan uku na DuckTales, amma Mickey bai leƙo ba. Warner ta saki Bugs, har aka sa masa kayan ɗan sanda yana tsintar guntun wiwi yana tambayar yaron mene ne wannan. A ganina da wuya a ce rashin Mickey haɗari ne. Ɗan lelen gida ba a kai shi inda ake ambaton irin wannan kaya. Daga kunkuru huɗu kuma Michelangelo kaɗai aka ɗauko, wanda a cikinsu shi ne ɗan shagali mai magana kamar wanda ya yi tatil. Manya sun daɗe suna dariyar wannan zaɓi. Muryar Bugs da Daffy kuwa Jeff Bergman ne ya yi, ɗaya daga cikin ayyukansa na farko bayan rasuwar Blanc.

To me ya sa 'yan kasuwa suka yi kyauta haka? Ba za a ce babu mai kyakkyawar niyya a cikinsu ba. Lokacin hodar kirak tana ɓarna a biranen Amurka, Nancy Reagan ta shafe shekaru tana gangamin a ce a'a, Bush kuma a Satumban 1989 ya ɗaga ƙullin hodar a gaban kyamara daga ofishinsa. Amma da walakin goro a miya. A 1984 hukumar sadarwa ta Amurka, ƙarƙashin Mark Fowler, ta sassauta ƙa'idojin talla a shirye-shiryen yara. Katun ya koma tallar kayan wasa mai tsawon rabin awa: He-Man na Mattel, Transformers da G.I. Joe na Hasbro. Ko haɗakar He-Man da She-Ra ta Kirsimetin 1985, dubi lokacin da aka sako ta, daidai sa'ar da iyaye ke sayen kyaututtuka. Iyaye suka fusata, Peggy Charren, mai fafutukar gyara shirye-shiryen yara, da ƙungiyarta suka matsa wa majalisa lamba. Majalisa ta zartar da dokar ƙayyade tallar a 1988, Shugaba Reagan ya ƙi sa hannu. A 1990 maganar ta dawo da ƙarfi. A irin wannan yanayi, masana'antar tana bukatar abin da za ta nuna ta ce ga shi, mu ma muna tarbiyya. An haska shirin a gaban 'yan majalisa a Washington kafin a watsa shi, Joe Biden, wanda ke shugabantar kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa a lokacin, ya yaba masa. Duk da haka dokar ta tabbata a Oktoban shekarar, ta ƙayyade talla a shirin yara zuwa minti 10 da rabi a kowace awa a ƙarshen mako, minti 12 a ranakun aiki.

Zanen kuwa ba a Amurka aka yi shi ba. Kamfanin Wang Film Productions na birnin Taipei a Taiwan ne ya zana, kamar yadda ya saba yi wa gidajen Amurka da dama. Aikinsu ba ƙarami ba ne, domin kowane tauraro yana zuwa da takardar fasalinsa daga gidansu: tsawonsa, kaurin layinsa, launinsa, yadda yake tafiya. Smurf tsawon tuffa uku ne, Michelangelo ya kusa kai mutum, Pooh mai taushin layi ne, Garfield mai kauri. Sai an sa su a hoto ɗaya ba tare da wani ya yi kama da baƙo ba, ba kuma tare da maigidan wani ya ce an ɓata masa ɗa ba. Sakamakon, a gaskiya, haɗin gambiza ne. Wa'azin ya yi nauyi, an jera wiwi da giya da hodar iblis a layi ɗaya, kuma hanyar shiryar da yaron ita ce a tsorata shi har ya ga fuskarsa ta koma ƙwarangwal. Amma a matsayin aikin sulhu tsakanin masu dukiya, ba a sake yin irinsa ba a talabijin.

An rarraba kaset ɗinsa a makarantu da ɗakunan karatu da shagunan haya, an nuna shi a wasu ƙasashe da gabatarwar shugabanninsu, kamar Bob Hawke a Ostareliya. Daga nan ya yi ɓatan dabo daga tashoshi. Jita-jita ta daɗe tana yawo cewa an sa Garfield ne ba da izinin mai shi Jim Davis ba, shi ya sa aka binne shirin. Mark Evanier, babban marubucin shirin Garfield na talabijin, ya ƙaryata wannan, ya ce Davis ya san da aikin kuma ya amince. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne mafi sauƙi: aron na ɗan lokaci ne, kuma sake fitar da shirin na nufin sake zagaya duk gidajen nan da hula a hannu.

Wani lokacin rigimar ba tsakanin kamfanoni take ba, a tsakar gida take. A 5 ga Maris 1995 aka nuna wani kashi na The Simpsons mai suna A Star Is Burns, inda Jay Sherman, tauraron shirin The Critic, ya zo garin Springfield alƙalancin gasar finafinai. The Critic na Al Jean da Mike Reiss ne, tsofaffin jagororin Simpsons. ABC ta kore shi, Fox ta ɗauka ta ajiye shi bayan Simpsons, kuma James L. Brooks, wanda kamfaninsa ke da hannu a shirye-shiryen biyu, ya ga ya dace babba ya riƙo hannun ƙarami. Matt Groening, mahaliccin Simpsons, ya ce atafau, wannan talla ce kawai, kuma mutane za su ɗauka shi ya yi The Critic. Da ya kasa hanawa sai ya sa aka cire sunansa daga kashin, maganar ta fita har jaridar Los Angeles Times. Brooks ya mayar da martani mai zafi, yana zarginsa da butulci. An yi wa Jay fentin rawaya don ya saje da 'yan gari, kashin ya fito da ban dariya har masoya na ambatonsa cikin masu kyau, amma The Critic bai wuce kashi goma a Fox ba. Kowa ya yi gaskiya rabi: talla ce, kuma ta yi daɗi, kuma ba ta ceci wanda aka yi dominsa ba.

Na baya-bayan nan sun zo da nasu matsalolin. A 2004 Nickelodeon ta haɗa Jimmy Neutron, wanda ake ƙerawa da kwamfuta mai tudu da kwari a jihar Texas, da Timmy Turner, wanda shimfiɗaɗɗen zane ne da ake yi a Kalifoniya. Maimakon a tilasta musu salo ɗaya, sai aka ce duk wanda ya shiga garin wani ya ɗauki kamannin garin, aka mayar da matsalar abin dariya. A 2009 kuma, don cikar kunkurun ninja shekara 25, aka yi Turtles Forever, inda kunkurun 1987 suka haɗu da na 2003. Masoya suka zaci za su ji tsofaffin muryoyin, sai suka ji na kwaikwayo. Dalili: kamfanin 4Kids a New York yake ɗaukar murya ba ƙarƙashin ƙungiyar 'yan wasa ba, tsofaffin kuwa 'yan ƙungiya ne a Los Angeles. Sai da Nickelodeon ta sayi kunkurun sannan aka tara mutum huɗun na asali a 2016. A can ma Rob Paulsen ya tsinci kansa yana zance da kansa, don shi ne tsohon Raphael, shi ne sabon Donatello.

Abin da ya sauya harkar gaba ɗaya ciniki ne. Ted Turner ya mallaki tsofaffin finafinan MGM a 1986, har da Tom and Jerry. Ya sayi Hanna-Barbera a 1991, ya buɗe Cartoon Network a 1992. A 1996 Time Warner, uwar kamfanin Warner Bros. a lokacin, ta haɗiye kamfaninsa, sai Bugs da Scooby da Fred da Tom da Batman suka kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Disney ta sayi Muppets a 2004, Marvel a 2009, Lucasfilm a 2012. Ba a jima ba sai ga Phineas and Ferb tare da Spider-Man da Iron Man a 2013, ga su a duniyar Star Wars a 2014. Jera shekarun ciniki da shekarun haɗaka gefe da gefe, za ka ga na biyu na bin na farko sau da ƙafa. Abin da Spielberg ya sha zarya a kansa yanzu takarda ce daga wannan ofis zuwa na kusa da shi, kuma ina ganin shi ya sa haɗakar yau ba ta tayar da tsikar jiki kamar ta da.

Duk da haka tsofaffin yarjejeniyoyi ba sa mutuwa da sauƙi. The New Scooby-Doo Movies, wanda CBS ta nuna a 1972 da 1973, kashi 24 ne, kowanne da baƙonsa: Batman, Harlem Globetrotters, Three Stooges, Sonny da Cher, Don Knotts. An ƙulla izinin ne don talabijin, a zamanin da babu wanda ya yi tunanin za a sayar da shiri a faifai. Da Warner ta tashi fitar da shi a DVD a 2005, kashi 15 kawai ta iya sakawa, sauran sun maƙale a hannun baƙin ko magadansu. Sai 2019, shekarar da Scooby ya cika 50, aka warware takwas daga cikin taran da suka rage. Ɗaya ya gagara: wanda Scooby ya kwana gidan iyalin Addams, inda 'yan wasan shirin na asali irin su John Astin da Carolyn Jones suka ɗora murya, wata yarinya mai suna Jodie Foster kuma ta yi muryar yaron gidan, Pugsley. Iyalin Addams ba na Warner ba ne, ƙirƙirar mai zane Charles Addams ne, kuma ba a daidaita da masu riƙe da haƙƙinsa ba. Haka aka fitar da kashi 23, aka rubuta a jikin kwalin cewa tarin kusan cikakke ne.